Keken Mahdi

Wata Lahadi Yaya Jafaru, yayan mijina, ya dawo daga kasuwar Mai'adua da kwalabe uku a aljihu, bakinsa har kunne. Wai wani mai lasifika a bayan mota ya ce ƙwayoyin nan antioksidan ake ce musu, suna wanke tsatsar da ke cin tsoka, gurgu ma in ya sha sai ya miƙe.

Ɗana Mahdi shekararsa goma sha biyu, kuma ciwon da ke cinye tsoka ne da shi. Tun yana ɗan shekara biyar sai ya dafa gwiwoyinsa kafin ya tashi. Bara ƙafafun suka daina ɗaukarsa. Likitan da ke duba shi a Katsina bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce har yau ba a samo maganin warkewa ba. Irin ƙwayoyin nan ma na taɓa tambayarsa, ya ce an gwada, ba a ga tabbacin suna dawo da ƙarfin tsoka ba. Ya ce kada a tilasta masa tafiya, a nema masa keken guragu. Muka nema, da shi yake zuwa makaranta.

Na faɗa wa mijina Sha'aban duk wannan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya ne fa, Murjanatu." Shi ke nan amsarsa. Yaron ya yi wata guda yana haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, ko cokali bai ƙara ƙarfin riƙewa ba.

Ran Juma'a, ana gobe jarrabawarsa ta shiga sakandare, na dawo daga kai niƙa na tarar da Mahdi a kan tabarma, ya juya fuska bango. Keken ba ya zaure, ba ya tsakar gida.

"Ina kekenka?"

"Baffa ya bayar sadaka."

Wai a lissafin Yaya Jafaru, abin da ya hana magani ci shi ne yaron ya sangarce da zama, kuma magani ba ya kamawa sai an bi shi da sadakar abin da ake so. Ka ji mutum! Ƙafar wani, keken wani, shi kuma ya kwashi lada. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Na yafa mayafi na nufi gidan da aka kai keken, can bayan makera. Kowa ya san abin da aka bayar sadaka ba a dawowa karɓa, amma na ce yau za a fara a kaina. Ina shiga na ga yarinyar, Siddiƙa, wadda shan inna ya naƙasa, wadda muke gani tana jan jiki da silifa a hannu. Tana kan keken Mahdi tana zagaya turmi tana dariya. Uwarta ta kama hannuna biyu tana ta sa mini albarka. Me zan ce? Na amsa da amin, na fito ina cizon leɓe.

Da safe na shafa wa Mahdi mai, na sa masa kayan makaranta, na soke masa fensir biyu a aljihu. Ba ya iya riƙe kansa a kan babur, lungunmu kuma a-daidaita ba ta shiga. Na ɗauko zanen goyon da na ajiye tun yaye ƙanwarsa, na durƙusa.

"Inna, mutane za su gani."

"Su gani. Don su gani na fito."

Hanyar makaranta ta gaban majalisar Yaya Jafaru ta bi. Yana zaune da abokansa suna shan koko. Ya ɗaga murya ya ce, "Sauke shi ya taka. Ke kike ɓata shi."

Shekara goma sha huɗu ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ranar na tsaya. Na kwance bakin mayafina, na jera masa kwalaben uku a gaban tabarmarsa, duk wayam.

"Yaya, ya shanye su tas, ko ɗaya bai zubar ba. Sadaka ma ka yi. To ga shi nan, taso ka sauke shi da hannunka."

Bai taso ba. Ya duba kofinsa, abokansa suka duba ƙasa. Ni kuwa na kafe, ina jira.

Mahdi ya sa bakinsa a kunnena. "Inna, mu tafi, za su rufe ƙofa."

Na gyara ɗaurin zanen na sa sauri, ƙafafunsa na reto suna bugun cinyata. Mun isa ana kiran suna. Sai da na zaunar da shi a benci, na tokare masa baya da mayafina na fito, sannan kuka ya ƙwace mini. Tun daga gida har aji, ko sau ɗaya ban tsaya hutawa ba. Yaron bai yi mini nauyi ba.