Yashin Gindin Bango

Duk unguwar an san Baban Gini. Bai taɓa shiga aji ba, amma idonsa ma'auni ne. Mutumin da ya faɗo daga saman bene ya tashi ya kaɗe wando, ai ba a gaya masa duniya. Tinƙahonsa guda ne: bangon da ya ɗora bai taɓa faɗuwa ba.

Ran nan da hantsi ya dafa bangon bayan gidansa zai sa takalmi, sai ya ji bangon ya motsa. Ya ja da baya, baki buɗe. Tsaga ce tun daga ƙasa har sama, yatsa na shiga.

Bai yi wata-wata ba ya nufi maƙwabcinsa mai walda.

"Kai ne da injinka. Kullum gir-gir, ka jijjige mini gida."

"Haba Baba, ba kai ke cewa ko babbar mota ta doke shi, ita za ta ji jiki ba?"

Maganar ta soke shi. Ya dawo ya durƙusa a gindin bangon, ya janye wani tsohon fallen kwanon rufi da aka jingina. Rami ne a ƙarƙashin harsashin, hannunsa ya shige har kafaɗa.

Yana nan durƙushe sai ga matarsa da tukunya da ɗan gwangwani. Ta sunkuya, ta zura gwangwanin, ta ɗebo yashi.

"Tsohuwa, me nake gani?"

"Yashin goge tukunya mana. Matsa."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon babbarmu. Ba kai ka ce duk garin nan babu yashi irin wanda ka zuba nan ba? Da gaskiyarka. Dubi gindin tukunyar nan, kamar madubi."

Babbar tasu kuwa yanzu har ta yi jika. Baban Gini ya ƙura wa gwangwanin ido, bai ko cika tafin hannu ba. Ruwa ya gwada bangon nan ya bari, iska ta gwada ta bari. 

Can ya miƙe, ya kwance igiyar shanya, ya kore kaji, ya ɗauko babbar gudumarsa.

"Maigida, lafiya?"

"Ke ma matsa."

Kafin rana ta take, bangon yana ƙasa. Mai walda ya leƙo yana tari.

"Baba, ya faɗi ke nan?"

Tsohon ya saɓa gudumarsa.

"Wanke idonka, yaro. Rushe shi na yi."