Akun Surukina

"Tambaya ɗaya na yi miki, Inna," in ji Auta, tana tsaye a kaina da ludayi a hannu. "Wa ya gaya wa matar direba za a sallami mijinta, tun takardar ba ta bar gidan nan ba?"

Na ce ta tambayi aku.

Aku sunan da na laƙa wa muryar da ke cikin kwamfutar surukina ne, mijin Auta. Surukin nawa makaho ne, amma shi ke rubuta wasiƙun kamfaninsu kaf, a nan falo, kan teburin da ke jikin taga. Ya buga, muryar ta karanta masa. In aiki ya yi zafi gudu take kamar keken ɗinki, ko aljani ba ya tsintar komai. Sai dai kafin ya tura saƙo yakan rage mata gudu ya bi layi-layi, don manajansu ba ya yafe kuskuren harafi ɗaya. Ita kuwa sakaryar ba ta san sunan kowa ba. Duk inda ta ci karo da sunan mutum sai ta ce kuskure ne, shi kuma ya tsaya ta jero masa harafi-harafi. Ni aji uku na yi a makaranta, amma haɗa baƙi bai gagare ni ba. Ina kujerata ina yankan farce, labari na zuwa har gida: wanda aka ƙara wa girma, wanda aka ja wa kunne, wadda ta nemi hutun haihuwa na biyar.

Da can da abin kunne yake saurare. Uku aka saya, uku suka ɓata. An nema har ƙarƙashin firij.

Auta ta ce direban ya je ofis ya yi ta kururuwa, manaja kuma ya bugo da safe ya rantse in sirri ya sake fita, surukina ne zai bi bayan direba. Na ce ni jaje na je yi wa baiwar Allah, laifina ɗaya na riga takarda isa. Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce da ina jin tsoron 'ya'yan da na haifa ma ai da ban kai haka ba.

Duk wannan surukina yana kan kwamfutarsa. Yaro ne mai kunya, shekara tara bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai ƙwas-ƙwas muke ji yana bugawa. Da ya gama ya ƙure ƙarar aku, ya rage mata gudu fiye da kullum.

Wasiƙa ce zuwa ga babban ɗana. Bayan gaisuwa, wai a zo ranar Asabar a ɗauke ni, na yi kewar jikokina. Gidan ɗan nawa kuwa mai doguwar katanga ne, ba maƙwabci, ga matarsa da sai ta wuni ba ta ce uffan ba! Da aku ta iso kan sunana, sunana na yanka wanda ko marigayi maigidana bai taɓa kira ba, ta ce kuskure ne. Ya sa ta jero shi har sau biyu.

"Mama," ya ce a hankali, "an rubuta daidai, ko in gyara?"

Na miƙe a fusace in gaya masa waye ubansa. Matashin kujerar ya zame, abin kunne uku suka zubo kan tayil, wayoyinsu a cukurkuɗe.

"Wannan ƙarar na san ta," in ji shi.

Auta ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ce masa ya tura. Na ji ɗan ƙit ɗin da kwamfutar ke yi in saƙo ya tafi.

Na gyara ɗaurin zanena, na ce Asabar da sauran kwana huɗu, kuma matar mai wanki ba ta ji yadda ake korar tsohuwa da bakin aku ba tukuna. Na fita, na bugo musu ƙofar har labule ya faɗo.