Ciwon Kwankwason Auta

Ni na kai Auta wajen likitar ƙashi, kuma ba don tausayi ba. So nake a ƙaryata ta a gabana.

Ƙanwata ce, tana ɗinki a shagona. Tun da ta haihu, wata biyar ke nan, take kukan kwankwaso. Da ta ɗan taka keke sai ta miƙe tana dafe da ƙugu. Ni da na haifi huɗu na ce son jiki ne. Na gaya wa Mama, na gaya wa mijinta, har a gaban masu kawo ɗinki nakan kwaikwayi tafiyarta a yi ta dariya.

Muna shiga na riga ta magana. "Likita, sai haƙuri. Shagwaɓa ce ta yi mata yawa."

Likitar ko kallona ba ta yi ba. Ta ce da Auta, "Nuna min wajen da yatsa ɗaya."

Auta ta dangwala ƙasan bayanta, ta dama. Aka sa ta kwanta rigingine. Likitar ta ɗora idon sawun Auta na hagu a kan ɗaya gwiwar, ta danna cinyar a hankali. Shiru. Na gyara zama, har na fara murmushi. Da aka koma ƙafar dama, Auta ta damƙe bakin gadon. Ba ta yi ƙara ba, hawaye ne kawai suka gangara cikin kunnenta.

"A ina kika ji?"

"Nan ɗin dai."

Aka lanƙwasa gwiwar aka tura cinyar ƙasa, nan ɗin dai. Aka juya ta gefe aka danna ƙugun, haka. Duk tambayar da aka yi mata, sai ta saci kallona kafin ta amsa.

"Cikin gwaji biyar, huɗu sun tayar da ciwon," in ji likitar. "Mahaɗar ƙashin baya da ƙugu ce, yakan faru bayan haihuwa. Me ya sa sai yanzu kika zo?"

"An ce zai wuce."

"Wa ya ce?"

Auta ta zuba wa silin ido. "Mutane dai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka rubuta mata motsa jiki da ɗamarar ƙugu, aka hana ta taka keke na sati shida.

Da ta sauko daga gadon ta kasa sunkuyawa ta ɗaura takalminta. Na durƙusa ina ɗaura mata, kaina a ƙasa.

"Auta, ki yafe min."

Ta dafa kafaɗata.

"Yaya, kin matse igiyar. Ɗan sassauta."

Na sassauta. Muka sauko daga benen asibitin tare, taki ɗaya ɗaya, ina riƙe da jakarta.