Kaset ɗin Jirgin Malam Datti

Malam Datti ma'aikacin gwamnati ne, mai zanen gine-gine. Shi da matarsa Hajara da 'yarsu Mero suna zaune a gidajen ma'aikata da ke Doka. Suna da rufin asiri daidai gwargwado, gidan kansu ne dai ba su da shi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gina ƙaramin layin dogo a lambun bayan gida. Ya zuba siminti, ya shimfiɗa layi ya zagaye bishiyar gwaiba, ya yi gada a kan magudanar ruwa. Taragun da gwangwanin madara ya ƙera su, kan jirgin kuma injin tsohuwar rediyo mai kaset ke jan sa. Mero ce mai tuta a bakin gada. Tun tana 'yar shekara biyar ya koya mata dokar aikin: mai tuta ba ya barin wurinsa, ba ya surutu, sai jirgi ya wuce.

Tana shekara tara, a 1989, aka yi wa uban ritaya, aka ba shi wata guda ya tashi. Taragu za su shiga kwali, amma layi da gada sun kama ƙasa.

"Abin da ba zai shiga mota ba, zai shiga kaset," in ji Malam Datti. Ya kira Idi mai bidiyo, wanda ke ɗaukar bukukuwan aure da suna.

"Ka kwanta a ƙasa, ka ajiye kyamarar daidai da layi," ya ce masa. "Ta nan ne zai fito kamar jirgin gaske."

"Haba Malam! Ni da nake ɗaukar bikin manya? Wannan ai shan ruwa ne."

Ranar Asabar da hantsi Malam Datti ya durƙusa a bayan gwaiba wajen batir, inda ba ya hango gada, ya haɗa waya. Jirgi ya tashi. Bai yi nisa ba sai ga mota a ƙofar gida. Alhaji Sambo ne, jami'in da aka ba gidan, ya zo da matarsa su auna tagogi.

Mero ta ga Idi ya miƙe yana kaɗe riga, ya juya kyamara.

"Baba..."

"Ido a kan layi, Mero."

Ta mayar da ido kan layi, ta ɗaga tuta. Jirgin ya hau gada yana rangaji, inuwarsa na bin ruwa, ya ƙetare lafiya.

"Ikon Allah!" in ji Alhaji Sambo. "Malam, da girmanka? To, madalla. Ni dai nan zan yi gareji."

Sai da suka yi sati uku a ɗaki biyun da suka kama a Hayin Banki sannan Idi ya kawo kaset. Suka shiga gidan maƙwabci mai bidiyo, yara suka cika tabarma. Malam Datti ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Ga jirgi ya fito daga tasha, ƙato, kamar zai faso gilashin talabijin. Yara suka yi ihu. Sai hoto ya yi sama. Babbar rigar Alhaji ta bayyana, da hularsa, da agogonsa. Ga Hajiya da leshi da sarƙar gwal, ga mota ta gaba, ga ta ta baya. Can ƙasa-ƙasa ana jin ƙarar ƙafafun jirgin a kan gada, amma ba a ganin sa.

"Idi, ina gadar?"

"Malam, babban mutum ya shigo wuri, in bar shi in ɗauki gwangwani? A sana'armu ba a yin haka. Dubi yadda rigar ta fito!"

"A koma a sake mana," in ji Hajara.

"Na bi ta can shekaranjiya," Malam Datti ya ce. "Har sun ɗora wa garejin kwano."

Ya roƙi maƙwabcin ya mayar da kaset baya. Suka sake kallon farkon, sau uku. A na huɗu ya rufe ido, ya bar kaset ya wuce, yana sauraron ƙarar kawai.

A hanyar gida ya tambayi Mero, "Ya ƙetare da kyau?"

"Da kyau, Baba."

A nan Mero ta gane cewa a gidansu ita kaɗai ce ta ga ƙetarawar jirgin ta ƙarshe, kuma babanta ba zai taɓa ganin ta ba.