Sai Kun Haye Rafi

"Sai kun haye rafi da su," in ji Baba Mai Zuma, yana haki, ni kuma ina cusa masa matashi a baya ko numfashinsa zai samu hanya. "Kin ji ni, Tela? In kuka ajiye su kusa, fita kiwo za su yi, su koma inda suka saba. Ba sa mantuwa."

"Na ji, Baba, na ji. Ni da ƙudan zuma ɗaya in ya shigo shagona sai in bar masa keken ɗinki, yau ni ce mai kwashe su."

Ya fara dariya, dariyar ta rikiɗe tari. Autarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta kafa masa kofi a baki. Idanunta sun yi jawur, ga aiki can, ga jinya nan.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Layinmu ne na ƙarshe a gari, daga bayanmu sai dajin da aka keɓe wa namun dawa. Da, ina shanya nake hango barewa a bakin rafi. Bana aka zo aka kakkafa turaku masu jan fenti, wai babban titi zai ratsa ta tsakiya. Tun daga nan ba mu huta ba: ƙarar katafila tun safe, birai kuma da aka tayar suka maida kicin ɗinmu gidan ubansu.

Akwatunan zumar Baba suna gindin wata babbar bishiya, tsakiyar turakun nan cif. Shi kuwa zuciya ta kayar da shi, ƙafafu sun kumbura, ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa. Ba ya zancen ciwonsa sam, sai na ƙudajensa.

Maigidana ne mai motar ɗaukar kaya, don haka aikin ya faɗo kanmu. Da sassafe, kafin su fara fita, muka toshe ƙofofin akwatunan da tsumma, muka loda. Ashe hanyar rafin duk an farfasa ta. Taya ta nutse a laka, motar ta karkace, murfin akwati ɗaya ya goce. Kai, ranar na ga gudun maigidana! Kafin Auta ta danne murfin, ƙudajen sun harbe shi, fuskarsa ta koma kamar ƙwallo.

"Ni fa na gaji," in ji shi, yana magana da leɓe ɗaya. "Jiya na dawo daga doguwar tafiya. Daji ai daji ne. Mun fitar da su daga turaku ko ba mu fitar ba?"

Auta ta dubi agogonta, ta dubi lakar. "Yaya, mu sauke a bayan dutsen can. In na samu hutu sai mu ƙarasa da su."

Muka jera su a bayan dutsen, muka cire tsumman. Daga wurin ana hango kan bishiyar sarai. Dukanmu mun gani.

Da muka shiga ɗakin Baba, shayin da Auta ta ajiye masa ko gama hucewa bai yi ba.

"Har kun dawo?"

"Mun dawo, Baba."

"Kun haye?"

"Mun haye," in ji Auta, tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Ya dubi kofin, ya dubi fuskar maigidana, ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan hanya, ya san nisan rafi.

"Sannunku da wahala," ya ce. "Tela, ki shafa masa ruwan sanyi. Allah ya yi muku albarka."

Ya juya fuskarsa bango. Wallahi da zagi ya yi mana da ya fi mini sauƙi. Na fita tsakar gida na yi kukana, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin titin da ban taɓa roƙon kowa ya kawo mini ba.

Da yamma aka kayar da bishiyar. Har tagoginmu sai da suka girgiza. Baba bai sake tambayar komai ba, abinci ma sai an matsa masa. Mako bai ƙare ba ya cika, da hantsi, Auta na riƙe da hannunsa, ni ina jiƙa masa leɓe da auduga.

Bayan mutane sun watse, na sa takalmi na bi bayan gida. Akwatunan suna nan a bayan dutse, amma da na kara kunne, ƙugin ya yi ƙasa sosai. Na ƙarasa wurin bishiyar. Ba kututture, ba ganye, an baje jar ƙasa an daddaɓe ta sumul.

Ƙudajen suna can. Dubbai, suna kewaya iska daidai tsayin ƙuguna, inda ƙofofin akwatunan suke a da. Waɗanda suka gaji sun sauka ƙasa, ƙafafunsu ɗauke da garin fure, suna rarrafe. Tankar ruwa ta taho tana yayyafa hanya. Direban ya ɗaga gilashinsa, ya ratsa ta tsakiyarsu a hankali. Da ya wuce, sauran suka sake haɗuwa a wurin.