Allon Ƙofar Gidan Kanya

"Ai aro muka ba su sunan, ba kyauta ba."

Chizuru tana durƙushe a bayan kantar shagon da take aiki tana jera kwalaben miya ta ji wannan magana, kuma ba sai ta ɗaga kai ba ta san Hatsue ce, matar maigidan sama. Mai shagon ta yi 'yar dariya irin ta wadda ba ta son ɓatawa da mai saye. Chizuru ba ta miƙe ba sai da ta ji ƙofa ta rufe, ƙafafunta duk sun sage.

A garinsu, can cikin duwatsun Japan, ba a kiran mutum da sunan danginsa, da sunan gidansa ake kiransa. Akwai Gidan Rijiya, akwai Gidan Gada, sannan akwai Kakinoki, wato Gidan Kanya, har guda biyu. Na sama shi ne tushe. Na ƙasa, inda Chizuru take zaune da kakarta Fusae, wani ƙanin maigidan sama ne ya gina shi shekara ɗari da sittin da suka wuce. Ranar da ya tare aka ba shi abu biyu, kamar yadda ake yi wa ɗan da ya fita ya kafa nasa: allon katako mai ɗauke da sunan gida, da reshe daga kanyar ƙofar babban gida. Reshen nan ne yanzu ya ɗara rufinsu tsayi. Ita kuwa uwar bishiyar, Mitsugu maigidan sama ya sare ta tun ba a haifi Chizuru ba, don ya sami wurin ajiye mota. Tsohon ginin ma rushe shi ya yi, ya ɗora na siminti.

Bana ofishin gari ya ce zai kafa wa gidajen tarihi alama. Wani ma'aikaci ya yi kwana uku yana zuwa gidan ƙasa, yana auna ginshiƙan da hayaƙi ya mai da baƙaƙe, yana ɗaukar hoto, yana shan shayin Kaka. Da takardar jerin gidajen ta fito, ga suna nan, Gidan Kanya, amma adireshin na gidan sama ne. Hoton kuwa na bakin rufinsu ne, igiyoyin kanya na reto suna bushewa. Chizuru ta gane ƙullin, duk garin Kaka ce kaɗai ke ƙulla igiya haka. Bayan kwana biyu saƙon Mitsugu ya iso: tunda baƙi za su riƙa zuwa, allo biyu zai ruɗa su, don haka gidan ƙasa su cire nasu su mayar da shi ranar Asabar ta mako mai zuwa.

Sau uku Chizuru ta maimaita abin da za ta faɗa kafin ta iya buga wa ofishin waya. Ma'aikacin ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce ya san gidan da ya auna, amma maganar suna babban gida ake tambaya, haka aka saba, shi ba zai tsallake maigida ba. Sai dai in mai gidan ƙasa ta rubuto cewa ba ta yarda ba, ta buga hatiminta, to dole a sake zama a kai.

A ranar Chizuru ta rubuta wasiƙar da sunan Kaka, saura kawai Kaka ta buga hatimi. Ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar aikinta, kuma a nan ta yi kwana takwas. Kullum sai ta ce wa kanta ba ta son tayar wa tsohuwa hankali ne.

Ranar Alhamis da hantsi suna zaune a baranda suna feren kanya, kwando uku a gabansu, ruwa na tafasa a gefe don tsoma waɗanda aka ɗaure, sai ga Mitsugu ya gangaro, almakashin lambu a hannu ɗaya, tukunyar shuka a ɗaya.

"Inna, sannu da aiki. Bana kanyar tamu ta yi abin kirki."

Tamu. Saura kaɗan wuƙa ta shige yatsan Chizuru.

Kaka ta ajiye abin da ke hannunta ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa katako, ta yi masa sannu da zuwa, ta nemi gafara don ya same su a cikin ɓawo. Ya ce reshe ya zo yanka, wanda zai kafa a tukunya ya ajiye kusa da alamar, don baƙi za su tambaya ina kanyar.

"Yanki inda ka ga dama, maigida," in ji Kaka. "Sai dai ba lokacinsa ba ne. Sai sanyi ya wuce ake haɗa reshe. Wannan bushewa zai yi."

"Ranar buɗe alamar kawai nake so ya kai." Ya juyo ya dubi Chizuru. "Ke kuma uwar shiru, shekara ashirin da biyu har yau gaisuwa sai an roƙa?"

Ta sunkuya. Tana ɗagowa ta ji maganar ta fita da kanta, a hankali, idonta a kan takalmansa.

"Baba, hoton da ke cikin takardar nan na gidanmu ne."

"Gidanmu dai," ya ce, yana murmushi. "Duk abin da ke ƙarƙashin sunan nan na gida ɗaya ne, 'yar nan. Ba a koya muku wannan a makaranta ba?"

Ya zaɓi reshen da ya fi kowane 'ya'ya, ya datse, ya cusa a tukunya. Kaka ta cika masa jaka da manya manya, ta raka shi har ƙofa, ta tsaya a sunkuye har ya sha kwana.

Chizuru ta koma fere da ƙarfi, rabin naman kanyar na tafiya da ɓawon. Mutum ya sare bishiyarsa saboda mota, ya rushe gidan kakanninsa saboda yana son tagogin gilashi, yau shi ne mai tarihi. Su da suka sha hayaƙi da ɗigar rufi, su da ke hawa tsani kowace shekara, su ne 'yan aro. Har bishiyar da ke gabansu sai an zo an yanka a kan idonsu, a yi godiya kuma a ba da tsaraba. Tana son ta faɗi duk wannan, ta buɗe baki, sai ta ji wani abu da ya tsayar da ita. Kaka tana rera waƙa ƙasa ƙasa.

Chizuru ta shiga dubanta ta gefen ido, yadda ta iya duban mutane tun tana ƙarama. Kowace shekara igiyar farko ta gidan sama ce: Kaka takan ware mafi girma, marasa tabo, ta ɗaure su daban, in sun bushe ta kai da kanta. Yau ba ta ware komai ba. Manya da ƙanana duk tana haɗa su a igiya ɗaya. Ta farkon ma ga ta can rataye a tagar ɗakin Kaka. Sannan a kan kabad ga wani ƙyalle mai ruwan bula an goge an ninke, daidai girman allon.

Sai ta tuna abin da ke biye da sunan. Safiyar sabuwar shekara Kaka ke hawa matattakala ɗari da goma sha huɗu a cikin ƙanƙara ta kai gaisuwa gidan sama, a zaunar da ita a bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Lokacin ziyarar kaburbura, sai ta wanke duwatsun mutanen gidan sama tas kafin ta taɓa na mijinta. Biki ko rasuwa a can, tana kicin daga safe har a watse, ba ta taɓa zama cikin baƙi ba. Shekara hamsin da tara ke nan, tun ranar da aka kawo ta daga wani ƙauye da ko kanya ba sa shanyawa. Kuma kowa ya sani, gidan da ya mayar da allo ya fita daga wannan hidima. Gidan Gada ma yana da na ƙasa, sun mayar da nasu allon, tun daga nan ba wanda ya sake ganinsu a hidimar babban gidansu.

Fushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Ita Chizuru ta Gidan Kanya na ƙasa ce tun ranar da aka haife ta. Haka malamai suka kira ta, haka mai kawo wasiƙa yake kiranta. In aka cire allon jibi, ba ta san me za a ce da ita a shago ranar Litinin ba. Kuma ta gane ba tausayin tsohuwa ne ya riƙe wasiƙar kwana takwas a aljihunta ba, tsoron amsar da Kaka za ta ba ta ne.

"Kin gama da waccan ko sai ta koma ƙwallo?" in ji Kaka. "Miƙo nan, mai hannun gatari."

Chizuru ta miƙa mata. Ta goge hannunta a jikin riga, ta zaro wasiƙar, ta ajiye a tsakaninsu kusa da tarin ɓawo. Kaka ta dubi takardar, ba ta taɓa ta ba.

"Kaka," ta ce, "ke dama kina son sunan nan?"