Fasinjar Safe

"Allah ya jiƙansa, amma mutumin nan bai cika son mutane ba," in ji mai gyaran rediyo, yana gyara zama a kan tabarma. "Ka gaishe shi ya amsa maka da ka, kamar bakinsa na ciwo."

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga mutane sama?" direba ya ce. "Ya ɗaga ni ina yaro, ya zo ya ɗaga 'ya'yana. Bai taɓa jefo kowa ba."

"Bai jefo kowa ba, na yarda. Amma ka taɓa ganin haƙoransa?"

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, sai aka tuna inda ake, aka yi shiru. Jiya aka kai Mai Lilo makwancinsa, yau maƙwabta na zaune a ƙofar gidan hayar da ya zauna. Wani sabon ɗan haya ya leƙa cikin gida, ya dawo da tambaya.

"Wai wace ce matar nan mai sanda da ake ta shiga yi wa gaisuwa? Na ga tana riƙe da wata tsohuwar safar hannu, ko ajiyewa ba ta yi. Ashe yana da 'ya?"

Duk aka juya wajen Tela, don bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da na mamacin tun suna da baƙin gashi. Tela ya dubi yatsunsa.

"Yana da ita," ya ce.

Mai Lilo shi ne mai tuƙa babban lilon filin shaƙatawa na bakin gari, wannan mai kama da tayar keke da aka tsayar, da kwandunan ƙarfe rataye a jikinsa. Daga ƙarshen layinsu ana hango rabinsa na sama. Ƙa'idar aikin ita ce, kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai an zuba buhunan yashi a kwandunan an juya lilon da su, a saurari ƙarfen. In ya yi wata ƙara da ba a saba ji ba, ranar ba mai hawa.

Musu ɗaya suke yi shi da Tela, kuma ba su taɓa gama shi ba. Tela ya ce filin ba ya daɗi sai ya cika: kiɗa na tashi, yara na ihu, mai balan-balan na kutsawa, wata uwa na ƙwala wa ɗanta kira.

"Kai ba ka san filin ba, maƙwabci," Mai Lilo kan ce. "Ka zo da sassafe. Dokunan katako na tsaye da raɓa a bayansu, ba layi, ba ture-ture. Ka ji ƙarfe yana numfashi."

"Maƙabarta ke nan aka shafa mata fenti."

"Ji mai magana! Ka taɓa hawa?"

"Ni tela ne. Ƙafata a ƙasa take neman abinci."

Mutane sun ɗauka raha ce ta tsofaffi. Tela kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Mai Lilo na da 'ya ɗaya, shan inna ya shanye mata ƙafar hagu tun tana rarrafe. Kullum da asuba yakan goya ta a keke zuwa filin, in an gama gwajin farko ya zaunar da ita a kwando tsakanin buhuna biyu, ya juya lilon saboda ita kaɗai. Shi ya sa ake ce mata Fasinja. Kafin a buɗe ƙofa ya mayar da ita gida. Bai taɓa kai ta ranar da filin ya cika ba.

Wata ranar hutu yarinyar ta dami Tela da roƙo, tana so ta ga wurin da mutane a ciki. Ya ɗinka mata riga mai ruwan ɗorawa da ragowar yadi, ya kama hannunta suka tafi. Suka shiga layi. Yara biyu a bayansu suka fara kwaikwayon tafiyarta, iyayensu na murmushi. Da suka iso matakala ta tsaya jan ƙafar, layi ya tsaya. Wani mai ƙaton ciki ya ɗaga murya.

"Kai mai lilo, 'yar waye wannan take ɓata mana lokaci?"

Ita kuwa ta riga ta ɗaga hannu tana cewa, "Baba! Baba, ga ni!" Manaja na tsaye a gefe, jama'a sun zuba ido. Mai Lilo ya dube ta, ya dubi layin, ya mayar da idonsa kan sandar birki.

"'Yar maƙwabta ce," ya ce. "Tela, ɗauke ta."

Tela ya goyo ta a bayansa har gida. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsaya masa a rai ke nan. Washegari da asuba uban ya fito da keke, ta ce barci take ji. Ba ta sake hawa ba. Da mahaifiyarta ta rasu, goggonta ta ɗauke ta zuwa ɗaya ɓangaren garin. A can ta yi karatu, ta zama malamar makaranta. Takan aiko da gaisuwa ta bakin Tela, uban ya mayar ta bakin Tela. Maganar wannan rana kuwa, ba wanda ya taɓa tayar da ita.

A watan da ya shige ƙafafun Mai Lilo suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Asibiti suka riƙe shi 'yan kwanaki, sannan suka ce a je gida a ci gaba da shan magani. Kowa ya gane abin da ake nufi. Tela ya jawo kekensa na ɗinki zuwa bakin ƙofa, inda zai riƙa jin tarinsa.

Wata safiya ya shiga kai masa ruwan zafi, ya same shi ya jingina da bango yana kallon rigar aikinsa da ke rataye a ƙusa. Ɗakin na warin magani da tsohon giris.

"Maƙwabci, ranar hutun nan ka kai ni filin."

"Da sassafe ko? Mu je ka gaisa da dokunanka."

"A'a. Da yamma, in ya cika."

Tela ya ajiye butar a hankali. "To, yau na ci musu ke nan?"

"Ba ka ci komai ba. Ka je ka gaya wa Fasinja."

Tela ya same ta an tashi daga makaranta, tana goge allo, sandarta jingine da tebur. Ta gaishe shi da ladabi, ta jawo masa kujera. Ya faɗi saƙon bai ƙara gishiri ba. Ta daɗe tana kaɗe alli daga hannunta.

"Kawu, ka san da wa na yi ƙuruciyata? Da buhunan yashi. Har suna na sa musu. In muka kai sama sai in riƙa nuna musu gari."

"Na sani."

"Ya ce wai wurin ya fi daɗi ba kowa. Na yarda da shi fa, Kawu. Har na riƙa tausayin sauran yara da ba su da uba mai lilo."

"Jikin ya yi nisa, Fasinja."

"Kar ka kira ni haka."

"To, Malama. Ni dai ɗan aike ne. Ban ce ki yafe ba, ban ce ki zo ba. Na ce jikin ya yi nisa."

Ta juya ta ci gaba da goge allon da ya riga ya fita tas. Tela ya yi mata sallama ya tafi, bai san da wace amsa zai koma ba. Da Mai Lilo ya tambaye shi, cewa ya yi, "Ta ji."

Ranar hutun direba ya kai su har bakin ƙofa, da keken marasa lafiya da aka aro. Mai Lilo ya dage sai da aka sa masa rigar aikin, ga ta ta yi masa yawa a kafaɗa, ta matse shi a ciki. Har safar hannunsa ya sa. Filin ya cika maƙil. Kiɗa na fita daga lasifika biyu, kowace da waƙarta, yara na gudu ta ko'ina, ƙasa duk ledoji da bawon lemo. Tela na tura keken yana "A gafara, a gafara," ba mai jin sa.

"Ga daɗin naka nan," Mai Lilo ya ce yana haki. "Sha."

Suka tsaya kusa da layin babban lilo. Wanda ya gaje shi a aikin, wani magidanci da ya koya a hannunsa, ya hango su ya taho da sauri ya durƙusa.

"Maigida! Ku zo ta nan gefe, ba sai kun bi layi ba."

"Layi za mu bi. Koma kan birkinka, ka bar shi ba kowa."

Rana ta fara sanyi, Malama ba ta zo ba. Idon Mai Lilo dai na kan ƙofa. Leɓɓansa sun bushe, sun yi duhu. Tela ya fara tunanin yadda zai ce masa su koma, sai ya ji hannun tsohon ya damƙi hannun keken.

Tana tafe cikin jama'a, sanda na gaba, ƙafar na biye, ba ta sauri kuma ba ta kallon kowa. Ta iso ta tsaya.

"Ina wuni, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Suka shiga layi su uku, ana matsawa kaɗan-kaɗan. Da suka iso matakalar, wannan dai ta dā, an sake mata fenti, ta tsaya ta ɗora sandar a hawa na farko. Layi ya tsaya. Sai Mai Lilo ya dafa keken ya yunƙura. Tela ya ce, "Kai, zauna!" Bai saurare shi ba. Ya miƙe yana rawa kamar kara, ya juya ya fuskanci mutanen da ke bayansu.

"Jama'a," ya ce. Kiɗa ya haɗiye muryar. Ya sake tattaro numfashi. "Jama'a, wannan 'yata ce. Ni na haife ta."

Wata mata mai goyo ta dube shi, ta dubi Malama. "To, Baba, Allah ya raya. Ku ɗan matsa mana, yaran nan sun gaji."

Wani saurayi bai ma ɗago daga wayarsa ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya kalli ƙafar. Mai Lilo ya tsaya baki buɗe yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani da ya sani. Tela ya ga zai faɗi, ya tare shi ta baya.

Da shi da mai birkin suka ɗaga shi zuwa cikin kwando. Malama ta shiga ta zauna a gefensa, ta bar tazara. Tela ya ja da baya, mai birkin ya riƙe masa hannu.

"Baba Tela, nauyin ya karkata gefe ɗaya. Sai ka shiga ka zauna can."

"Ni? Ban taɓa..."

"Shiga, maƙwabci," Mai Lilo ya ce, ido rufe. "Yau kai ne buhun yashi."

Malama ta kawar da kai, amma Tela ya ga gefen bakinta ya motsa. Ya shiga, ya kama ƙarfe da hannu biyu, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Lilon ya ɗaga. Kiɗan ya fara ja baya, ihun yara ya koma kamar daga wata unguwa. Suna kaiwa ƙololuwa aka taka birki don a sauke na ƙasa a ɗauki wasu, kwandon ya tsaya yana ɗan reto. Iska kawai ake ji, sai wani siririn kuka da ƙarfen ke yi. Tela ya buɗe ido ɗaya. A ƙasa mutane sun cika ko'ina, ƙanana, ba a gane fuskar kowa. Can nesa ga rufin gidajen layinsu.

"Ba su ma kula ba," Mai Lilo ya ce. "Ka gani, maƙwabci? Ko kallo ba su yi ba."

Malama na kallon gari, ta rungume sandarta.

Tsohon ya sa haƙori ya zare safar hannunsa ta dama, da ƙyar. Ta suɓuce ta faɗi a ƙasan kwandon, kusa da takalminta mai tudu. Ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta ɗauka, ta riƙe a cinyarta. Ya miƙa hannun, kumburarre, ya ɗora a kan gwiwarta ta hagu. Ba ta janye ba.

Daga ƙasa aka ji ƙarar sakin birki.

"Fasinja," ya ce. "Na ji ki ranar. Na ji kina kirana. Ki yafe mini."